Dodon da ke tsoron Disamba: yadda talo-talo ya shiga wasan kan tabarma

Duk shekara, da zarar watan Nuwamba ya kama, akwai wasu mutane a Amurka da ke duƙufa kan aikin da babu wanda ya sa su: ƙirƙirar dodanni masu siffar talo-talo. Kuma fa ba yara ba ne, wasunsu da gemunsu da iyalinsu. Wani ya zana talo-talo mai girman rumbu da ke haɗiye doki har da mahayinsa. Wani ya kawo gasasshe, ba kai ba gashi, ya miƙe daga kan faranti yana neman wanda ya yanka shi. Wani kuma mutum ne lafiyayye, amma ranar da wata ya kwana goma sha huɗu sai gashi ya fito masa, ya kama bin mutane da gulu-gulu. Kowane dodo sai an rubuta masa lissafinsa tsaf: jininsa nawa, taurin fatarsa nawa, idan ya kai sara ɓarnar me zai yi, me ke karya laƙaninsa.

Dalilin Nuwamba a fili yake. Ranar Alhamis ta huɗu a watan ce suke bikin godiya, wanda talo-talo ke zame musu kamar ragon layya a wurinmu ta fuskar cin nama. Abin ya kai ga tun 1989, zamanin George Bush babba, shugaban ƙasarsu kan tsaya gaban 'yan jarida duk shekara ya yi wa talo-talo afuwa, ya ce wannan kam ba za a yanka shi ba. To mutanen da suka mai da tsuntsu haka, ba mamaki don sun sa shi cikin wasansu.

Wasan shi ne abin da nake so mu tattauna, don ina ganin ya fi dacewa da mu nan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi fiye da yadda ya dace da su.

Wane irin wasa ne?

Mafi shahara a cikin irinsa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Wanda ya kalli Stranger Things a Netflix ya ga yaran fim ɗin zaune a ɗakin ƙasa suna jefa ƙwaya suna ihu. To shi ne. Babu allo, babu caji, babu data. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna, ɗaya ya zama mai jan labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi: maharbi, ɗan tauri, wanzami, 'yar mai fura, duk dai wanda ka ga dama. Mai jan labari zai faɗi inda kuke da abin da ke gabanku, sannan ya tambaye ka abin da za ka yi. Kai ke zaɓa. Idan abin da ka zaɓa yana da haɗari, a jefa ƙwaya irin ta ludo a ga ko ka dace.

Ga yadda yake fita a bakin mutanenmu:

“Kun iso bakin gulbi, magariba ta yi, kwalekwale guda ne, kuma talo-talo na zaune ciki ya baza bindi. Mi kuka yi?”

“Ni dai sallama nika yi mai.”

“Jefa mu gani.”

“Huɗu.”

“To, ya amsa sallamar. Amma ya ce kuɗin fito jaka biyar ne, kuma ba ya karɓar taransifa.”

Kamfanin da ke da wasan yana buga littattafan dodanni, na farkonsu ya fito a 1977. Sai dai tun farko masu wasa ba su tsaya ga na littafi ba, kowa na ƙera nasa a gida. Turawa na kiran wannan da wata kalma da asalinta ke nufin abin sha da aka dafa a gida, mu kuwa a majalisarmu “haɗin gida” muke cewa. Abin dariyar ma, wasu daga cikin manyan dodannin littafin haɗin gida ne aka yi musu rajista. Akwai wani mai jikin dabbar daji da kan mujiya, wanda asalinsa wani ɗan abin wasan yara ne na roba mai arha da Gygax ya samu a cikin leda, ya dube shi ya laƙaba masa suna. A 2019 kamfanin da kansa ya saka wata muguwar kaza mai haƙora a cikin ɗaya daga littattafansa.

Kuma masu haɗin gida ba sa wasa da 'yancinsu. A watan Janairun 2023, da labari ya fita cewa kamfanin Wizards of the Coast na shirin ƙuntata lasisin da ya ba jama'a tun 2000 na yin amfani da dokokin wasan, ca aka yi masa a kafafen sada zumunta, mutane suka riƙa soke rajistarsu. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya janye, ya ma saki ginshiƙin dokokin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba a iya karɓewa daga baya. Ma'ana, ɗan Zurmi na iya ɗaukar waɗannan dokoki ya juya su zuwa Hausa, ya ƙara nasa, in dai ya ambaci inda ya samo.

Me ya haɗa mu da shi?

Duk wanda ke Zamfara a watan Satumban 2021 ya san me ake nufi da waya ta zama tocila. An rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, an dakatar da kasuwannin mako, makarantu a kulle. Gusau ta samu sabis da wuri, amma wasu yankunan sun kwashe watanni, har sai mutum ya yi tafiya zuwa wata jiha kafin ya kira ɗan'uwansa. A lokacin ne da yawanmu muka gane cewa duk nishaɗinmu a hannun eriya yake. Ba TikTok, ba Facebook, ba hirar WhatsApp, sai zaman jugum da jita-jita.

A da, idan babu waya akwai dandali. Iyayenmu sun yi langa da ɗan akuyana a farin wata, iyayenmu mata sun yi gaɗa har dare ya raba. Yau wace uwa ce a ƙauyukan Zurmi za ta bar ɗanta a waje bayan isha'i? Ko a cikin gari, da an ji ƙarar babura da yawa sai kowa ya nemi ƙofa. Wasannin da ke buƙatar fili da dare sun tafi, na waya kuma suna buƙatar kuɗi da sabis. Abin da ya rage mana shi ne zaure, da tabarma, da fitilar caji, da baki. Wannan wasa kuwa iyakar abin da yake nema ke nan.

Kuma ba baƙonmu ba ne, idan aka duba da kyau. Muna da tatsuniya, da Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami da Dodo. Tun tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa har littafi uku, daga baya Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara nasa don 'yan makaranta. Muna da tashe, inda yaro ke manna gemun auduga daga goma ga azumi ya zama tsoho, wani ya rataya tarkace ya zama Jatau mai magani. A ƙauyuka da dama akwai kalankuwa bayan kaka, inda samari ke naɗa gwamnansu da alƙalinsu da ɗan sandansu na wasa, har a yi shari'a a ci tara. Ga kuma littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, da matasa ke saurare a YouTube sa'o'i, cike da sadaukai da aljanu da takubba. Kafin su akwai Ganɗoki da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi.

Bambancin guda ne, amma babba. A tatsuniya baki ɗaya ke magana, sauran sai dai su ce “ta zo mu ji ta”. A littafin yaƙi marubuci ya riga ya yanke wanda zai mutu. A nan kuwa mai sauraro ne ke riƙe da linzami. Idan ka ga dama ka ƙi shiga kogon, ka koma gida ka buɗe shagon caji, dole mai jan labari ya biyo ka can da dodonsa.

Don me sai talo-talo?

Na farko dai, tsuntsu ne da duniya ta kasa sanin garinsu. Asalinsa daga nahiyar Amurka yake, mutanen Meziko na da ne suka fara kiwonsa, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Amma Ingilishi sun laƙaba masa sunan ƙasar Turkiyya. Turkawa suka ce a'a, ɗan Indiya ne. Faransawa ma Indiya suka jingina shi. Larabawa na ce masa zakaran Rum, mutanen Fotugal kuma suna kiransa da sunan ƙasar Peru. Mu da Yarbawa da Ibo ne muka huta da gardama, muka kira shi da abin da ya yi kama da kukansa: talo-talo, tolotolo, torotoro. Masana harshe da dama sun ce rikicin Ingilishi ya samo asali ne daga zabonmu na Afirka, wanda fatake ke kai musu ta ƙasashen Turkawa, da sabon tsuntsu ya iso sai suka haɗa su suna ɗaya. Hatta sunan kimiyya da aka ba talo-talo a 1758, tsohon sunan zabo ne a harshen Girka. Wato da zabo zai kai ƙara gaban alƙali kan satar suna, yana da hujja.

Na biyu, halinsa. Duk wanda aka taɓa kiwonsa a gidansu ya san shi. Namijin zai kumbura, ya baza gashin bindi kamar maficin sarki, ya ja fikafikai a ƙasa, jan naman nan da ke reto a kan bakinsa ya ƙara tsawo, fatar kansa ta riƙa sauya launi daga ja zuwa fari zuwa shuɗi. Ka yi fito, ya amsa. Ka buga ƙofa, ya amsa. Babur ya wuce, ya amsa. Ya tsani yara, ya fi tsanar wanda ya juya masa baya. Amma ka ɗauki tsintsiya ka nufo shi da gaske, sai ka ga girman nan duk iska ne. 'Ya'yansa kuwa sanyi kaɗan ko ruwan sama ɗaya ya isa ya kwashe su.

Wannan ne ya sa nake ganin ya fi kowane dodo dacewa da zaurenmu, kuma a nan zan ɗan daɗe. Mu mutane ne da tsoro ya zame wa abincin yau da kullum. Yaron da ya taɓa kwana a daji yana gudun ceton rai ba ya buƙatar wani ya zauna ya ƙirƙiro masa abin firgita. Shi ya sa a majalisarmu muka kafa doka tun ranar farko: babu bindiga a wasan, babu satar mutane, babu kuɗin fansa. Ba ka san wanda ke zaune kusa da kai me ya gani ba. Doka ta biyu ta fi ta farko muhimmanci: ba a mai da wata ƙabila dodo. Su kansu masu Dungeons & Dragons sun sha suka kan yadda littattafansu suka daɗe suna nuna wasu jinsunan halittu a matsayin miyagu tun daga haihuwa, har a 2020 kamfanin ya fito ya ce zai gyara. Idan su da halittun ƙarya abin ya zame musu matsala, ina ga mu da ke zaune a inda kalma ɗaya kan Bahaushe ko Bafulatani ke iya tayar da gari? Muna da wasan barkwanci tsakanin Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Barebari, Kanawa da Zazzagawa, amma wannan yana da ƙa'idarsa da iyakarsa, kuma ba a kashe kowa a cikinsa ko da a takarda.

Talo-talo ba ɗan ƙabilar kowa ba ne. Yana da siffar abin tsoro, yana da hargagi, yana tare hanya, yana cin zali, amma ana iya yi masa dariya a gabansa. Yaro ya tsaya gaban abin da ya fi shi girma, ya yi dabara, ya ga abin ya sace kamar balan-balan, ni dai ban raina wannan ba.

Ga kaɗan daga garkenmu

Na farko da muka ƙera shi ne Talo-talon Tasha. Layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, nan ne ƙarshensa ta wannan ɓangare, zamanin da gyaɗa da auduga ke tafiya kudu. A labarinmu, wannan tsuntsu ya sayi tikiti tun lokacin, jirgi ya tafi ya bar shi, shi ne har yau yake jira a kan dakali da akwatin ƙarfe. Girmansa ya kai taragu. Ba ya cizo. Makaminsa tambaya ce: duk wanda ya gifta sai ya tare shi ya ce, “Malam, jirgin Zariya ya iso?” Idan ka ce a'a, ya fashe da kuka mai sa duk wanda ya ji ya kasa motsi zagaye ɗaya. Idan ka ce e, ƙarya ka yi, ya bi ka har gida ka nuna masa. Jininsa goma sha biyu, amma har yau ba a taɓa cin shi da faɗa ba. Waɗanda suka wuce shi, kujerar gaba suka samo masa a motar Gusau.

Sai Dillalin Alhamis, wanda muka ajiye a kasuwar Shinkafi tun da ranar take ci. Yana sanye da 'yar shara da hula ƙube a karkace, da goro a baki. Duk cinikin da aka yi a kusa da shi sai ya ci la'ada, ko da tsakanin uwa da ɗa ne. A dokar wasa, kowane zagaye yana ɗauke kashi ɗaya cikin goma na abin da ke aljihunka. Ba a dukansa, don da ka ɗaga sanda 'yan kasuwa za su taru a kanka. Hanya ɗaya ce: ka taya shi kansa. Ka dube shi sama da ƙasa ka ce, “Wanga nawa?” Duk lokacin da ya ce albarka sai ya rage girma, saboda a ransa ya san ranar sallamawa na zuwa.

Na Zurmi shi ne babbansu. Tarihin baka na cewa Zamfarawan farko ƙatti ne mafarauta da suka zauna a Dutsi, cikin ƙasar Zurmi ta yau, har ana nuna wasu dogayen kaburbura a can ana danganta su da su. Sai muka ce, to ƙattin nan me suke kiwo? Ai ba kaza ba. Daga nan Gagara-Wuƙa ya fito, talo-talon ƙattin farko da aka manta ba a yanka ba. Ɗan tauri ne, wuƙa na lanƙwashewa a wuyansa, takobi na karyewa. Tun da ƙasar su Kassu Zurmi ce, makaɗin 'yan tauri da mafarauta, muka sa doka cewa ba ya faɗa sai an yi masa kirari, kuma duk ɗan wasan da ya tsara wa kansa kirarin da ya ba majalisa dariya, an ƙara masa ɗaya a kan abin da ya jefa. Laƙaninsa kalma ɗaya ce ke karya shi: Disamba. Kowa ya san watan da 'yan kasuwa ke zagayowa suna saye talo-talo ana lodawa zuwa kudu don Kirsimeti da sabuwar shekara. Da ya ji an ambaci watan sai tauri ya zube, ya nemi bayan rumbu. Sai dai mai jan labari ba ya faɗa wa kowa wannan, sai 'yan wasa sun bi diddigi sun gano da kansu, wataƙila daga bakin zabon nan mai ƙorafin satar suna.

Wanda ya fi tayar da gardama shi ne Mai Baza. Shi ba ya da gari, duk inda taro yake nan yake. Ƙarfinsa daidai yake da yawan idon da ke kansa: kowane mai kallo ɗaya, jini ɗaya. Zaginsa ma kallo ne. Jifarsa kallo ne. Ka tara mutane ka ce ku zo ku ga abin da wannan ke yi, ka ƙara masa ƙiba. Wasu abokaina sun kwashe kusan sa'a guda suna kai masa sara yana ƙara kumbura, har ya kai girman gidan sama. Ƙanwata, wadda ke aji biyu a babbar sakandare, tana gefe tana tsince shinkafa, ta ɗago ta ce, “Yaya, in ni ce, baya nika ba shi in yi tafiyata.” Aka gwada, kowa ya juya baya, dodo ya koma ɗan tsako. Ban ambaci sunan kowa ba, amma na san kowannenku akwai wanda ya faɗo masa a rai, kuma wataƙila kana cikin masu bibiyarsa. Tun ranar ita ke ja wa ƙawayenta labari a tsakar gida, kuma dodanninta sun fi namu mugunta.

Abin da ba mu sawa a wasa shi ne mutanen tarihi da ake girmamawa. Muhammadu Namoda da garinmu ya ci sunansa, ko sarauniya 'Yargoje, ba abokan wasan talo-talo ba ne. Sunayen iskokin bori ma mun bar su inda muka gan su.

Ƙwaya, da maganar da dole a yi

Asalin Dungeons & Dragons da ƙwaya mai fuska ashirin ake yinsa, kuma littattafansa da dala ake saye. Ba sai ka wahalar da kanka ba. Mu mun aro tsarin wani wasa mai suna Apocalypse World da ya fito a 2010, wanda ƙwayar ludo biyu kawai yake so. Ka jefa ka haɗa. Goma zuwa sama, ka yi nasara. Bakwai zuwa tara, ka samu abin da kake so amma da hasara: ka tsallake katanga, wandonka ya tsaya a can. Shida zuwa ƙasa, ka faɗi, mai jan labari ya yi yadda ya so da kai. Masu lissafi za su ga cewa a cikin hanyoyi 36 da ƙwaya biyu ke iya faɗuwa, 6 ne nasara tsantsa, 15 nasara da hasara, 15 faɗuwa. Daɗin wasan duk yana cikin na tsakiyar nan.

To amma nan Zamfara ce, jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999, kuma ko ba don hukuma ba, akwai iyaye. Akwai hadisai a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim da suka yi hani ga wasan nardi, wanda da ƙwaya ake yinsa, kuma malamai da yawa sun tafi a kan cewa hanin ya shafi wasa da ƙwaya ko babu kuɗi a ciki. Wannan ba maganar da za a share da “ai zamani ne” ba ce. Ni ba malami ba ne, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da wasunmu ke yi shi ne ajiye ƙwayar gaba ɗaya: a yanka takarda goma sha biyu, biyu a rubuta “ka ci”, biyar “ka ci amma”, biyar “ka faɗi”, a zuba a hula a riƙa zara. Lissafin daidai yake da na ƙwaya biyu. Wanda wannan ma bai kwanta masa ba, ana iya yi da ƙuri'ar majalisa: ka faɗi dabararka, sauran su ɗaga hannu. Kuɗi kuwa ko naira biyar ba ta shiga, da ta shiga ya zama caca. Kuma da an kira salla an naɗe tabarma.

Su ma can sun sha irin wannan. A shekarun 1980 wasu iyaye da limaman coci a Amurka sun yi ta zargin wasan da koya wa yara tsafi, har kamfanin ya cire kalmomin shaiɗanu daga bugun 1989. Wani amfanin talo-talo ke nan: da wuya Inna ta leƙo zaure ta ji ana cinikin tsuntsu mai hula ƙube ta ce ana tsafi. Iyaka ta ce ba ku da aikin yi.

A Najeriya ma akwai waɗanda suka mai da wasannin tebur sana'a. Kamfanin NIBCARD Games na Abuja, wanda Kenechukwu Ogbuagu ya kafa, yana ƙera wasanni a nan gida, yana shirya taron masu wasannin tebur na Afirka, kuma a 2021 ya ci kyautar Diana Jones, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan wannan fage a duniya. Tun 2002 aka buga wani littafin wasa mai suna Nyambe da aka gina kan tatsuniyoyin Afirka, a 2020 kuma The Wagadu Chronicles ya tara kuɗi a Kickstarter. Duk da Turanci suke. Abin da nake son gani shi ne ɗan littafi mai shafi ashirin da Hausa, wanda za a iya ɗauka a hoto a tura ta Xender ko da babu sabis, mai shagon fotokwafi a bakin kwalejin fasaha ta Ƙaura ya buga shi a kuɗin da bai wuce na shayi da burodi ba. Masu zane muna da su, suna nan suna zana hoton masoya a Facebook. Masu labari kuwa kowace majalisa akwai wanda in ya fara ƙarya ba a tashi.

Wanda zai gwada a daren yau, ya fara da dodo ɗaya. Ya rubuta abu huɗu a bayan takardar littafin makaranta: me dodon yake so, me yake yi wa wanda ya hana shi, jininsa nawa, me ke karya shi. Kada na huɗun ya zama duka, don in dai sanda ce magani, wasan ba zai wuce minti goma ba. Mu yanzu muna kan na biyar, wata macen talo-talo da ta kwanta kan ƙwai a tsakiyar gadar gulbin Gagare ta hana motoci wucewa. Mun san abin da take so, mun san jininta tara ne. Abin da ke tayar da ita ne aka yi sati biyu ana gardama a kai, ɓangare ɗaya sun ce dusa, ɓangaren ƙanwata sun ce sai an kawo mijin ya karɓe ta kwanci.